Giyar tsami a Brussels: kwalbar farko ta burge ni, ta biyu ta ɓata min dare

'Yan'uwana Musulmi, wannan sharhin ba naku ba ne, ku yi haƙuri ku wuce. Na rubuta shi ne don mutanenmu na Filato da Kudancin Kaduna da ke zaune nan Beljiyam, waɗanda suka ishe ni da tambaya ko mashayar nan da ake ta zuzutawa a tsakiyar Brussels ta ci kuɗinta. Ba zan kama suna ba.

Gueuze, wato wata giyar tsami ta yankin Brussels, ita ce ta kai ni. Wani abokin aikina ɗan ƙasar ne ya matsa sai na ɗanɗana, wai duk wanda bai sha ta ba bai zo Beljiyam ba. Wani dattijo ne ya karɓe mu. Ya kawo kwalbar a kwance cikin ɗan kwando, ya zare toshiyar a hankali, ya tsiyaya a tambulan mai kauri ba tare da ya miƙar da kwalbar tsaye ba. Warin da ya fara bugun hancina bai yi kama da na abin sha ba: tsohuwar ciyawa, jiƙaƙƙiyar fata, sai ɗan ƙamshin ɓawon lemo can baya. Kurɓar farko sai da na runtse ido. Tsami ya kama gefen harshe, bauri ya biyo baya, zaƙi kuwa babu ko ɗis. Kafin in kai rabin tambulan na fara dariya, abokina yana tambayar lafiya. Ai na san wannan tsamin. Burukutu ce da ta kwana, aka tace ta tas, aka yi mata kumfa.

Dattijon ya ji daɗin maganar har ya ja kujera ya ɗan zauna. Masu yin lambic, giyar da ake haɗa gueuze da ita, in ji shi, ba sa zuba yis na kamfani. Tsiron sha'ir suke dafawa da ɗanyar alkama wajen kashi ɗaya cikin uku, da hops, furen da ke ba giya ɗaci, wanda aka ajiye ya tsufa har ɗacinsa ya mutu. Sai a juye ruwan cikin wani faffaɗan kasko a saman bene, a bar shi ya kwana a buɗe yana shan iska. Abin da iskar kwarin kogin Senne da ya ratsa Brussels ta kawo, da wanda ya daɗe maƙale a jikin ganguna, shi ke tayar da ita. Shi ya sa sai da sanyi ake dafawa, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, don da zafi lalacewa take yi. Iyayenmu mata suna gama tasu cikin 'yan kwanaki a shanye kafin ta juya, su kuwa nan rufe ta suke a gangar katakon oak shekara 1 zuwa 3, sannan a gauraya sabuwa da tsohuwa a ɗura a kwalba, ragowar zaƙin sabuwar ya sake tashi a ciki. Kumfar daga nan take. Gidan giyar Cantillon da ke unguwar Anderlecht a Brussels tun 1900 suke wannan sana'ar. Ƙarfin gueuze bai cika wuce kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari ba, ba ta hawa kai da wuri.

Da a nan na tashi na tafi gida, taurari biyar zan ba su ba gardama.

Dattijon ya tashi aiki, wani matashi ya karɓe shi. Na ce a kawo min oude kriek, wato wadda ake jiƙa 'ya'yan ceri masu tsami cikin lambic na tsawon watanni, ba a ƙara mata sukari. Har da yatsa na nuna masa a takardar. Sai ga shi da kofi cike da wani jan abu daga famfo, kumfarsa ruwan hoda, zaƙi kamar ya tsinke harshe. Na ce masa malam, ba wannan na ce ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya yi murmushi, wai ya ga kamar mutanenmu sun fi son mai zaƙi, waccan za ta yi min tsami. Mutanenmu su wa? Ni da yanzu na gama kwalbar gueuze, ga ta nan a kan tebur ko ɗauke ta bai yi ba! Abokina ya yi ja har kunne, ya fara yi masa magana da yarensu, ni kuwa na ce a bar dogon zance, a kawo abin da na nema kawai.

Ya kawo, amma da bai kawo ba ya fi. Babu kwando. Ya riƙo ta a wuya yana kaɗawa, sanyi ƙarara kamar daga ƙanƙara aka ciro ta, ya ɓalle toshiyar da ƙarfi kumfa ta malale a tebur, ya kifa kwalbar har abin da ya kwanta a gindinta ya bi cikin kofina. Giyar da ya kamata ta fito ja garau ta koma dagwalo. Sai da na riƙe kofin a tafin hannu ta ɗan huce kafin ƙamshin cerin ya fito, da wani ɗanɗano mai kama da na almon da ƙwallon 'ya'yan ke bayarwa. A nan na ƙara jin haushi, don ko a hakan ka san abu ne mai kyau aka wulaƙanta. Wani ya yi shekaru yana jiran gangar nan.

Abokina ya nemi baƙar giya mai kauri da ta kwanta a gangar bourbon, wato wuskin Amurka, wai don a wanke rai. Dokar Amurka ce ta sa ba a zuba bourbon sai a sabuwar ganga da aka babbake cikinta, shi ya sa tsofaffin suke yawo duniya har su faɗo hannun masu giya. Na ɗan kurɓa: gahawa, cakulan, vanila, da zafin barasa a maƙogwaro. Tana da kyau, amma ta yi min nauyi, kuma raina ya riga ya ɓaci.

Da lissafi ya zo, ga jan ruwan zaƙin nan a ciki, wanda ban nema ba, ban kuma sha ba. Sai da muka tsaya jiran manaja a bakin kanta kafin a cire, shi ma ko haƙuri bai bayar ba, ya soke da biro ya miƙo min na'urar kati. Yanzu ma na tuna, cukwin da suka kawo mana tun farko gefensa duk ya bushe, kuma sai da aka caje shi.

Taurari biyu, dukansu na dattijon ne. In kana son ɗanɗana gueuze, je da rana ka leƙa, in ba shi ke aiki ba ka juya. Ni dai kanti nake sayen kwalbata yanzu, in tsiyaya abata a gida.