Kafin ka sayi na'urar auna ma'adinai a masana'antar tace dutse da kumfa

Wani ɗan kasuwa da muke sallar Magariba tare a Ƙofar Ƙaura ya tare ni da tambaya. Shi da abokansa suna son zuba jari a tace darma da tutiya, irin dutsen da ake haƙowa a Zurak ta Filato da Enyigba ta Ebonyi, dillalai kuma sun cika masa kunne da sunayen na'urorin auna ma'adinai, yana son sanin wadda zai saya. Ga abin da na faɗa masa.

Alhaji, dutsen darmar nan shi ne dai wanda iyayenmu mata ke niƙawa su yi tozali. A masana'anta ana niƙa shi ya yi laushi, a dama da ruwa kamar koko, a zuba sinadarin zantet, a hura iska. Ma'adinin sai ya manne wa kumfa ya taso sama, yashi ya zauna ƙasa. Darma ake fara kwashewa, sannan a tashi tutiya da sinadarin kofa salfet, a daidaita tsamin ruwan da farar ƙasa. Kokon nan mintuna kawai yake yi cikin tankuna. In ma'aunin sinadari ya kuskure, dukiyarka ta bi ruwan zubarwa ba ka sani ba.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce ɗakin gwaji. Sakamakonsa abin dogaro ne, amma sai bayan sa'o'i, lokacin an riga an yi ɓarna. Akwai kuma ƙaramar XRF ta hannu, wato na'urar da ke auna ma'adini da hasken X-ray, irin Niton ko Vanta. Tana da amfani wajen sayen dutse daga masu haƙa, sai dai a jiƙaƙƙen samfur ba ta cika faɗar gaskiya ba, sai an shanya an niƙe.

Wadda dillalai suka fi tallatawa ita ce XRF da ake haɗawa da bututu, irin Courier, wadda asalinta daga kamfanin Outokumpu na ƙasar Finlan ne, yanzu kuma Metso ke sayar da ita. Tana zagayawa tana auna abin da ke shiga, abin da aka tace da abin da ake zubarwa, ta ba mai kula da inji adadi cikin mintuna, dare da rana. A kan darma, tutiya da tagulla ta ƙware. Amma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ita ake yabo, alhali bututun ɗiban samfur da famfo da ɗakin gwaji ne ke ɗauke da nauyin. In bututu ya toshe, ko ba a gwada adadinta da na ɗakin gwaji akai-akai, za ta riƙa rubuta maka lambobi masu kyau na ƙarya. Ka tambayi dillali wa zai zo gyara, daga wace ƙasa, cikin kwana nawa. Ka kuma lissafa ɗaki mai sanyi da wuta marar yankewa, don zafin Afrilu da ƙurar hunturu ba sa raga wa irin wannan kaya.

Wata na'urar mai suna PGNAA kan bel mai jigilar dutse take zama, tana auna dutse tun kafin a niƙa. Wasu na aiki da sinadarin nukiliya kalifoniyom-252, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 2.6, kenan sai an riƙa ƙaro shi. Ga kuma lasisin NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Nijeriya, wanda ita ma XRF ke buƙata. Na'urar LIBS mai hasken leza tana ganin abubuwa marasa nauyi da XRF ke wahalar gani, sai dai mai neman darma da tutiya ba ita ce damuwarsa ta farko ba.

Ni dai da kuɗina ne, ɗakin gwaji da ma'aikaci ƙwararre zan fara kafawa, in ƙara da ta hannu. Sai mu yi wata shida muna auna ruwan zubarwa kowace rana. In darajar abin da ke salwanta a shekara ta zarce kuɗin na'urar bututu da hidimarta, a kira dillali. Alhaji ya ce zai fara aika buhu biyu na dutsen zuwa Kaduna, ɗakin gwajin hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa.