Garejin giyar atomatik a Agege: ogan ya gano ciwon Tacoma, yaransa sun kusa mayar da ita gidan jiya

Motar Toyota Tacoma ce ta 2008, mai injin V6 lita 4, giya atomatik mai hawa biyar da ake kira A750. Aikinta ɗaukar kaya tsakanin Mile 12 da Agege. Ciwon da aka kawo ta da shi kowa ya san shi: ka taka totur, inji ya yi kuka, allurar juyin inji ta haura wajen 3,000, amma motar ba ta ƙara gudu daidai da kukan, sai can giya ta cafke da ƙarfi. Ya fi tsanani tsakanin giya ta biyu da ta uku, musamman da lodi a hawan gada. Makanikai biyu sun riga sun yanke hukunci ba tare da sun kwanta ƙarƙashinta ba: a sauke giyabos, a nufi kasuwar Ladipo a sayo tokumbo, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje.

Shi wannan ogan bai ambaci saukewa ba ko sau ɗaya, kuma wannan ne ya sa nake rubuta sharhin. Tambayarsa ta farko ita ce, "Alhaji, wa ya taɓa man giyar nan a baya-bayan nan?" An canza shi wata biyu da suka wuce a wani wurin juye. Ya gyaɗa kai, ya ɗauko kwamfuta.

Lambar matsalar da ta fito P2714 ce, wadda ke nuna sulonoyid, wato balb ɗin lantarki mai daidaita ƙarfin matsin mai. Da yawa a nan suke tsayawa su ce a sayo sulonoyid. Shi ya ce lambar tana faɗin matsi bai kai yadda kwamfutar mota ta nema ba, ba ta faɗi dalili ba, kuma ƙarancin mai kaɗai na iya jawo ta. Gaskiya ya faɗa. Daga nan ya taka burki, ya ƙirga lokacin da giya ke ɗauka kafin ta kama daga N zuwa D. Ƙa'idar Toyota ƙasa da daƙiƙa 1.2 ce, zuwa R kuma ƙasa da 1.5. Tamu ta haura daƙiƙa 2 a duka biyun. Ya ce in da D kaɗai ke jinkiri, da sai a zargi kulocin gaba. Tunda duka biyun ne, matsalar ta gama-gari ce, ko mai, ko rariya, ko famfo.

Gwajin hanya shi ya fi burge ni. Ya sa yaro ya tuƙa, shi yana gefe yana kallon lambobi biyu a kwamfuta: juyin sandar shiga giya da juyin sandar fita. A wannan giyabos, giya ta huɗu ɗaya-da-ɗaya ce, wato dole lambobin biyu su zo daidai. Muddin aka shiga ta huɗu aka zauna, daidai suke, ko an taka totur. Ashe farantan kuloci suna riƙewa, ba su cinye ba. Zamewar tana zuwa ne a daidai lokacin sauyi, lokacin da ake buƙatar mai ya cika kuloci da sauri. Wanda ya ce a sauke giyabos bai yi wannan gwaji na minti goma ba, zalunci ya yi niyya ko jahilci, babu na uku.

Sai duba mai, kuma nan ne asirin ya tonu. Wannan giyar ba ta da sandar awo. Noti uku ne: na cikawa a gefe mai sifana 24, na juyewa mai 14 a ƙasan tasa, wato kwanon da mai ke taruwa a ƙarƙashin giya, da ƙaramin na awo da ake kwancewa da alanki mai lamba 5. Ana auna mai ne inji na aiki, mota a shimfiɗe daidai, giya a P, zafin man kuma tsakanin digiri 46 da 56. In aka buɗe notin awo bayan mota ta sha gosulo a titin Ikorodu, man ya yi zafi ya kumbura, zai zubo fiye da kima, in ya huce sai ya gaza. In kuma aka cika inji a kashe, da an tayar, kwanbata (abin da ke haɗa inji da giya ta hanyar mai) da hanyoyin mai su zuƙe, tasa ta ragu. Ogan ya jira man ya sauko zafin da ake so, ya kwance notin, ko ɗigo bai fito ba. Sai da ya ɗura wajen lita ɗaya da rabi kafin ya fara tsiyaya. Mai ya yi ƙasa, famfo na zuƙar iska, matsi na faɗuwa, shi ke nan ciwon.

Bai tsaya nan ba, ya ɗiga tsohon man a farar takarda ya miƙo mini. Ruwan ƙasa ne mai duhu, amma ba ya ƙauri, kuma bai yi kalar madara ba. Ya ce a Legas wannan dubawar wajibi ce, domin motar da ta ratsa ambaliya ruwa na shiga ta bututun numfashi na saman giya, man ya koma kamar madarar da aka zuba wa jan kala, kuma ruwa na ɓamɓare fatar farantan kuloci. Da haka muka gani, da saukewa ta zama dole. Ya kwance tasa: a jikin maganaɗisu baƙin laka ne mai laushi kamar toka, wanda al'ada ne, babu ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi. Aka sa sabuwar rariya, aka zuba ATF WS, wanda shi ne man wannan giyar, ba T-IV na tsofaffin ba. Juye ɗaya kusan lita 3 yake fitarwa cikin sama da lita 10, don haka aka maimaita sau biyu da ɗan tuƙi a tsakani. Motar ta hau gada da lodi babu kuka. Da a ranar aka tambaye ni, da cikakken maki zan ba su.

To amma mako uku bayan haka sai ga jan ɗigo a ƙasa duk inda ta kwana. Na leƙa da tocila: gefen tasa jiƙe yake, notin juyewa ma yana gumi. Da aka sake buɗewa sai ga tsohon gasket ɗin nan, ya bushe ya tsage, an shafe shi da gam an mayar. Washar notin juyewa da ta notin awo, waɗanda sau ɗaya ake matse su a jefar, su ma tsofaffin ne. Ɗaya daga ƙananan notinan tasa kuma an ɗaure shi da ƙarfin tsiya har leɓen tasar ya lotsa. Kuɗin sabon gasket yana cikin lissafin da na biya. Wannan ya ƙona mini rai ƙwarai, domin yoyon nan kai tsaye yake mayar da mota ga ciwon da aka kawo ta da shi, kuma gam ɗin da ya tsattsafo ciki na iya ɓallewa ya toshe rariya ko ya maƙale a hanyoyin balb.

Dalilin a fili yake. Ogan shi ke bincike, da ya gama sai ya koma kan wata motar, ɗauri ya bar wa yara ba mai duba su. Da na koma bai yi musu ba, ya ce, "Alhaji, laifinmu ne, ka yi haƙuri," ya gyara leɓen tasar, ya sa sabon gasket da washa a gabana, bai karɓi kuɗin aiki ba. Amma man da ya zube ni na sake saya, kuma motar ta ƙara kwana biyu a tsaye bayan huɗun farko, alhali aikin wuni ɗaya ne. Ba su kuma goge abin da kwamfutar giya ta saba da shi lokacin da take zamewa ba sai da na tuna musu, shi ya sa kwanakin farko take ɗan buguwa in ta sauko daga ta uku.

Mai Tacoma ko Hilux atomatik da giyarsa ke zamewa ya kai masa don bincike, ban ga kamarsa a yankin ba. Amma ka zo da manka a rufe, ka riƙe gasket da washa a hannunka, kada ka bar wurin sai an ɗaure tasa an auna mai a gabanka.