Wayar USB ko katin cikin kwamfuta, wanne ya fi wa tsohuwar firinta da sikeli?

Wani ɗan'uwa a nan ya yi tambaya jiya da daddare, ya ce ya canza kwamfutar tebur, sabuwar duk bakin USB ne a bayanta, ga shi yana da tsohuwar firintar nan mai allura da ke buga rasit mai kwafi uku, wayarta mai faɗin baki ce, sannan akwai sikelin awo da ke shiga ta bakin nan mai haƙora 9. An ce masa ya sayi wayar USB mai juyawa, wani kuma ya ce a'a kati zai sa a cikin kwamfutar. Wanne zai ɗauka?

To ɗan'uwa, na yi aiki da duka biyun, kuma kafin ka fitar da ko sisi abu ɗaya nake so ka gano: wa ke magana da na'urar? Windows ce ta hanyar direba (ƙaramar manhajar da ke koya wa Windows yadda za ta yi magana da na'ura), ko kuwa wata tsohuwar manhaja ce da ke zuwa kai tsaye ta ƙwanƙwasa ƙofar? Amsar wannan ita ce za ta raba maka gardama.

Mu fara da firintar. Wannan bakin shi ne faralel, ɓangaren kwamfuta haƙora 25, ɓangaren firinta kuma babban nan mai 36 da ake maƙalewa da 'yan ƙarafa biyu a gefe, ana ce masa Centronics. Wayar USB ɗin da ake sayarwa dominsa akwai ɗan IC (ƙaramin guntun lantarki mai juya siginar) a cikin kanta, idan ka soka ta Windows na ganinta a matsayin firintar USB, sai ta ba ta suna irin USB001, ba za ka taɓa ganin LPT1 ba, wato sunan tsohuwar ƙofar faralel a kwamfuta. Idan daga Word ko Excel ko wata manhajar zamani kake bugawa wannan ba komai ba ne, ka ɗora direban firintar, ka shiga wajen zaɓen ƙofa ka nuna masa USB001, shi ke nan ta kama aiki, ko sukurun kwamfutar ba ka kwance ba, kuma gobe in ka koma laftof da ita za ka tafi. Amma fa in manhajar lissafinka irin ta da ce wadda ba ta san komai ba sai LPT1, ko akwai ɗan makullin lasisi da ake sokawa a wannan bakin kafin manhaja ta buɗe, ko injin yanka ne da ake sarrafa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, wallahi wayar nan ita kaɗai ba za ta yi maka ba ko ta wane kamfani ce, don ba a yi ta don haka ba, aikinta kawai ta miƙa wa firinta bayanan da za ta buga.

Katin PCIe, wato wanda ake sokawa a rami cikin akwatin kwamfuta, shi kuwa ƙofar gaske yake ba ka, ka buɗe Device Manager (wajen da Windows ke jera na'urorin da ke haɗe) ka ga LPT zaune, kana iya sa masa lamba 1. Wahalarsa sai ka buɗe akwatin, sai akwai ramin da ba kowa, in akwatin siriri ne sai ka tabbatar katin ya zo da gajeren ƙarfen ɗaurewa, laftof kuma babu maganarsa ma. Kuma kar in ɓoye maka, tsohuwar ƙofar da ke kan bod (babban allon cikin kwamfuta) adireshinta, wato lambar da manhaja ke nemanta da ita, 378 ne, su kuma katunan nan yawanci wani adireshin daban suke samu, don haka manhajar da aka ƙulle ta a kan 378 ba ta yarda a canza mata ba tana iya ƙin katin shi ma. Shi ya sa nake cewa ka fara leƙa littafin bod ɗinka, wasu har yanzu suna zuwa da 'yan haƙoran COM (ƙofar siriyal, irin ta sikelinka) a jikinsu, wasu ma har da LPT, waya kawai za ka sa mai ƙarfe ka fito da bakin ta baya. In ka samu wannan ya fi duka biyun.

Sikelin kuma labarinsa daban ne, a nan wayar USB ta fi samun nasara sosai. Bakin nan mai haƙora 9 siriyal ne, ana ce masa RS-232, kuma adaftarsa tana fitowa a matsayin COM sosai, COM3 ko COM5 ko wata lamba, in manhajar sikelin ba ta wuce COM1 zuwa COM4 ba sai ka shiga saitin ƙofar ka sauya lambar da hannunka. Abin dubawa shi ne IC ɗin da ke ciki. Waɗanda za ka fi haɗuwa da su FTDI, Prolific PL2303, CH340 da CP2102. Ni dai FTDI nake nema in abu na kullum ne, direbanta ba ya ba da ciwon kai kuma tana riƙe lambar COM ɗinta ko ka canza ramin USB. CH340 ma tana aiki lafiya a ƙananan ayyuka. Ita Prolific an cika kasuwa da jabunta, ga kuma tsohon samfurin PL2303HXA da sababbin Windows suka daina karɓa, sai ka ga alamar rawaya da Code 10 ka rasa me ya faru. FTDI ma ana yin jabunta, a 2014 har wani direbansu ya riƙa kashe na bogin, saboda haka in mai sayarwa bai iya faɗa maka IC ɗin da ke ciki ba ka bar masa kayansa.

Inda kati ya fi a siriyal shi ne wajen lokaci da ɗorewa. USB tana tara bayanai ne ta aika a dunƙule, ita FTDI a saitinta na asali tana iya jira har milisakan 16, ana rage shi zuwa 1 in an so. Sikeli ba ruwansa da wannan ɗan jinkirin, amma injin da ke son amsa nan take yana ji a jikinsa. Sannan kati ba ya zarewa don wani ya taɓa waya da ƙafa.

Akwai abu ɗaya da ya taɓa cinye min yini guda cur, ba na so ya same ka. Na haɗa komai daidai, COM ta fito, saurin aika bayanai 9600 daidai da na na'urar, amma shiru ko harafi ɗaya bai shigo ba, na sauke direba na sake ɗorawa ya fi sau biyar. Ashe wayar tsakiya ce. Wayoyin siriyal iri biyu ne kuma a ido ba ka bambance su, akwai miƙaƙƙiya akwai wadda aka gicciya haƙori na 2 da na 3 a ciki, ita ake kira null modem. Da na sa mita na auna sai na ga 2 na fita ta 2, alhali na'urar gicciyayyiya take so. Don Allah in tsohuwar wayar sikelin tana nan kar ka yar da ita, ka soka ta a bakin adaftar yadda take. Kuma ka kiyayi 'yan ƙananan allunan nan tsirara da ake rubuta wa USB to TTL, su wutar volt 3.3 ko 5 suke aiki da ita, RS-232 kuwa tana kaiwa har volt 15 sama da ƙasa da sifili, kana haɗawa kana iya ƙona allon.

Da ni ne kai ga yadda zan yi. In ba ka da tsohuwar manhaja mai neman LPT1, wayoyin USB biyu sun ishe ka, ɗaya ta faralel ɗaya ta siriyal mai FTDI. In kuwa akwai ta, ko kwamfutar a waje ɗaya za ta zauna tana aiki safe da yamma, ka nemi kati ɗaya mai haɗe da faralel da siriyal, akwai su. Amma duk wanda za ka ɗauka ka fara tabbatar da cewa firintar tana da direban Windows ɗinka mai 64-bit, don waya ba ta maye gurbin direba, in babu ka gwada Generic / Text Only da ke cikin Windows, rasit na rubutu zalla yana fita da shi.

Turo mana lambar samfurin firintar da sunan manhajar da kake buga rasit da ita, da hoton bayan sikelin in da hali, sai mu duba tare kafin ka saya.