Ruwan silikon a gonar shinkafa: kara ya tsaya, injin feshina ya sha wuya

Mai shagon magungunan gona ne ya matsa min na sayi wannan ruwan silikon ɗin, wanda aka rubuta fotasiyam siliket a jikin jarkarsa. Ya ce shi ne maganin kwanciyar shinkafa. Na san halin gonata a Kadawa: da ta ji yuriya sai ta miƙe ta yi kore shar, tana fitar da kai iska ɗaya ta shimfiɗe ta cikin ruwa.

Bana kam alhamdulillahi. Na fesa tun tana yin 'ya'ya daga gindi, na ƙara kafin ta ɗau ciki. Da hadarin ƙarshen damina ya zo da iskarsa, komayen maƙwabcina sun kwanta, nawa gefe ɗaya kawai ya ɗan karkata. Ka shafa ganyen ka ji kaushi har yana neman yankar yatsa, kara kuma ya yi ƙwari. Ba mamaki, shinkafa na daga cikin tsirran da suka fi shan silikon, tana iya tara shi har kusan kashi 10 cikin 100 na busasshen nauyin kara da ganye. A bangon ganyen take jibge shi, shi ya sa tsutsar kara ke shan wahalar hudawa.

Amma duk sanda na tuna abin da ya yi wa injin feshina sai raina ya ɓaci. Na tambayi mai shagon baki da baki: "Alhaji, zan iya haɗa shi da takin ganye, wanda ake fesawa, a tanki ɗaya?" Ya ce min haɗa kawai, babu komai. Ina zubawa ruwan ya yi fari, ya kama kauri kamar an dama koko. Bakin feshi ya toshe, matatar injin ta toshe, yaron da na ɗauka aiki ya wuni yana sakace su da tsinke, kuɗin takin ganyen ya bi rariya. Ashe abin yana da kaifin kanwa sosai, idan ya haɗu da taki mai kalsiyam ko ruwa mai tsami daskarewa yake. Ko kalma ɗaya ta gargaɗi babu da Hausa a takardar jikin jarkar. Har tafin hannuna sai da ya yi santsi ya saɓule. Da na koma shagon, wai ruwan rijiyata ne ba shi da kyau!

Ɗan abin da ya rage na gwada a tumatir, ban ga wani bambanci ba, dama tumatir ba mai shan silikon ba ne.

A farashin da na saye shi ba na jin zan sake saya. Buntun shinkafa na nan jibge a bayan injinan casa na Kura, tokarsa mafi yawanta silika ce, mai ɗauke da silikon, kuma ta saiwa shinkafa ta fi ɗaukarsa. Ita zan watsa kafin dashe a rani mai zuwa.