Gwangwanin UC82B ko ledar Padma F1: wanne ya dace da lambunka?

A shagon kayan noma za ka tarar da waɗannan irin tumatir biyu kusa da juna. UC82B yana cikin gwangwani, da araha, ga yawa. Padma F1 na kamfanin East-West Seed yana cikin 'yar leda mai gram kaɗan, kuɗinsa kuma ya ninka na wancan sau da yawa in an auna gram da gram. Dukansu irin tumatir ne nagari, amma kowanne da lokacinsa, kuma yawancin asarar da ake ɗora wa iri daga kuskuren lokacin shuka take fitowa.

UC82B a Jami'ar Kalifoniya aka samar da shi, don masana'antun tumatirin gwangwani. Shi ya sa 'ya'yansa suke da tauri da kaurin nama, ruwansu kaɗan, suna jure kwando da doguwar tafiya daga kasuwar Kwanar Gafan ta jihar Kano zuwa Legas. Bishiyar gajera ce, tana tsayawa da girma da kanta, ba ta neman sanda a noman rani. Daga dashe zuwa tsinkar farko kwana 70 zuwa 80 ne. Aibinsa a nan yake: yana nuna kusan lokaci guda, a yi tsinka uku ko huɗu ya ƙare, kuma a daidai watan da kowa ke tsinka, wato Fabrairu zuwa Maris, lokacin da farashin kwando ke faɗuwa warwas.

Sanyin hunturu yake so. A yi renonsa a Oktoba, a dasa a Nuwamba, ya yi fure a Disamba da Janairu. Wanda ya makara har furen ya faɗa cikin bazara zai ga bishiya kore shar, fure ya fito ya kaɗe ba ɗa. Dalili shi ne in zafin rana ya haura maki 35, dare ma bai huce ba, garin furen yana lalacewa. Ƙara taki ba ya gyara wannan, sai ma ya ƙara ganye.

A damina kuwa kada ma a gwada shi a ƙasar da ta taɓa ciwon yaushi. Juriyar UC82B, kamar ta wani irin tumatir mai suna Roma VF, ta tsaya ne a kan cututtukan naman gwari biyu da haruffan V da F ke nufi. Ba ta haɗa da yaushin da ƙwayar bakteriya ke kawowa ba, wanda bishiya za ta kwana lafiya, da azahar ta langaɓe ganyenta na kore. Gane shi ba wuya: yanke karan daga gindi ka tsoma a kofin gilas mai ruwa garau. In cikin 'yan mintuna ka ga wani farin abu kamar madara yana zirara daga yankan, shi ne. Babu feshin da ke warkar da shi.

Nan ne Padma F1 ke cin kuɗinsa. Iri mai aure ne, wato wanda aka samar ta haɗa iri biyu (abin da F1 ke nufi ke nan), da aka zaɓa don juriyar wannan yaushin da kuma zafi da laima, yana fara ba da 'ya'ya kusan wata biyu bayan dashe, kuma tsinkarsa ta fi jan lokaci. Tumatirin da ya shigo kasuwa a tsakiyar damina yana samun farashin da na rani ba ya gani. Sai dai yana da sharuɗɗa. Dole a ɗaga kunya don kada ruwa ya kwanta a gindi, a kafa sanda a ɗaure, a riƙa feshin rigakafin tabon ganye. Juriya kuma ba kariya ce ɗari bisa ɗari ba, gonar da cutar ta yi wa katutu sai an hutar da ita da masara ko dawa. Barkono, attaruhu da gauta dangin tumatir ne, ba sa hutar da ƙasa.

Tsadar tana raguwa in an yi lissafi. Gram ɗaya na irin tumatir ƙwaya kusan 300 ne. Fili mai mita 10 a 10, da tazarar santimita 60 tsakanin layi da 50 tsakanin tushe, tushe 330 da ɗoriya yake ɗauka, ka ga gram ɗaya da rabi ya isa. Amma fa in ba a watsa shi a komi kamar yadda ake yi wa na gwangwani ba. Iri mai aure a farantin reno mai ramuka ake sa shi, ƙwaya ɗaya a rami, zurfin santimita ɗaya, a rufe da gidan sauro saboda farin ƙuda mai kawo nannaɗewar ganye. Ban ruwa da safe, kaɗan. In ƙasar ta kwana jagab, tsiron zai rube daga wuya ya kwanta layi-layi. A kwana 21 zuwa 28, da ganye huɗu ko biyar, a rage masa ruwa na 'yan kwanaki ya yi ƙwari, a dasa da yamma. Bayan mako biyu a ba kowane tushe takin NPK 15:15:15 cikin murfin kwalbar lemo, a binne shi nesa da kara da faɗin tafin hannu.

Kada a ajiye iri daga 'ya'yan F1. Zai tsiro, amma 'ya'yan za su rarrabu, wani dogo wani gajere, juriyar ma ta watse. UC82B ana iya cire irinsa daga lafiyayyun bishiyoyi a shanya a inuwa.

Sharon, tsutsar da ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, ba ruwanta da sunan iri, duka biyun tana ci. Haka baƙin gindin da ke fitowa a ƙasan ɗan tumatir: ban ruwa ne yau da yawa gobe babu, ba laifin iri ba.

Wurin saye, a duba ranar ƙarewa da adadin tsiro da aka rubuta, a guji gwangwanin da ya sha rana a kan tebur ko wanda aka buɗe ana awo da cokali. Kafin a zuba a reno, a naɗe ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa. In bayan mako guda waɗanda suka tsaga ba su kai 16 ba, a ƙara yawan irin ko a koma wa mai shago. Launin ja ko kore da ke jikin ƙwayar magani ne, a wanke hannu bayan shuka, a kuma ɗauke ragowar daga inda yara da kaji ke kaiwa.