Tukunyar da ke girki ina wurin aiki: miyar naman sa da kabeji a Agege

Duk macen da ke zaune a Agege tana zuwa aiki cikin Ikko ta san yadda girkin dare ke zame mata aiki na biyu. Ki fita bayan sallar asuba, ki dawo ana kiran isha'i, gosulo ya gama cinye miki ƙarfi a hanya, sannan ki tsaya gaban murhun gas kina jiran nama ya yi laushi yara na gyangyaɗi da yunwa. Wannan ne ya sa na sayi tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali, wadda ake zuba mata kayan miya da safe a bar ta tana aikinta har yamma. Na daɗe ina amfani da ita yanzu, kuma miyar naman sa da kabeji ce na fi auna ta da ita, domin a nan alherinta da aibinta duka suka fito fili.

A Amurka aka fara sayar da irinta da sunan Crock-Pot a 1971, har sunan ya bi duk ire-irenta. Tawa ba ta wannan kamfanin ba ce, a kasuwar Alaba na same ta, mai cin lita 6. Abubuwa uku ne suka haɗa ta: gangar ƙarfe mai waya, kwanon tangaran mai nauyi da ake ɗagowa, sai murfin gilashi. Maɓallinta na murzawa ne, akwai ƙaramin zafi, babban zafi, da na ɗumama. Kafin ki biya kuɗi ki juya gindinta ki karanta takardar da ke manne. Wutarmu ta Najeriya bolt 230 ce, kayan Amurka kuwa na bolt 120 ne, kuma suna da yawa cikin kayan gwanjo. In kika jona irin wannan kai tsaye ba tare da taransifoma ba, ranar za ta ƙone.

Nama shi ne inda tukunyar ta fi burge ni. A mayankar Oko-Oba nake saye, wurin wani dattijo ɗan Sakkwato da mahaifiyata ma wurinsa take saye. Ranar da na ce ya yanko mini ƙwauri da wuya, ya ɗago kai ya ce, "'Yata, wannan ai sai mai lokaci, ga tsoka mai kyau nan." Na ce, "Baba, lokacin ne na samu wadda za ta tsaya mini a kai." Gaskiyarsa ce, a kan gas ƙwauri yana cin wuta sosai. Amma naman da ke da jijiya da yawa shi ne ya fi son zafi kaɗan na tsawon lokaci. Jijiyar ce ke narkewa a hankali ta koma wani abu mai danƙo da ke ba romo kauri, naman kuma ya saki har cokali ya raba shi. Tsoka zalla mara kitse in ta yi awa 8 a ciki sai ta bushe ta yi zare-zare, ba daɗin tauna. Saboda haka ƙwauri, wuya, ƙirji, jelar sa, ko a haɗa da ɗan tozo, su ne abokan wannan tukunya.

Da daddare nake shirya komai. In yanka nama kilo ɗaya manya-manya, in barbaɗa gishiri da masoro, in soya shi a kasko da man gyaɗa har gefensa ya yi ja. Masu tallar tukunyar suna cewa ki zuba komai ɗanye ki yi tafiyarki. Za ta dafa shi, amma miyar za ta fito fara-fara, ba ƙamshin suya, domin tukunyar ba ta wuce zafin tafasar ruwa, ba ta iya soya komai. A kaskon nake soya albasa biyu, da jajjagen tattasai da attaruhu da tumatir, har ruwan ya tsotse mai ya taso. Da asuba sai in jera dankalin turawa da karas a ƙasan kwanon, don su ne masu jinkirin nuna a cikinta, in ɗora nama a kai, in zuba soyayyen jajjagen, da tafarnuwa, citta, kanumfari kaɗan, dunƙule, da daddawa. Daddawa tana son wannan girki ƙwarai, tana samun lokacin ratsa naman har ciki.

Ruwa kuma a rage hannu. Murfin ba ya barin tururi ya fita, kina iya ganin yadda yake taruwa a jikin gilashin yana gangarowa ya koma ciki. Kofi ɗaya da rabi ya ishi kilo guda na nama, ba sai ruwa ya rufe shi ba. Kada kuma a cika kwanon ya wuce kashi biyu cikin uku. In akwai mutum a gida a ja masa kunne kada ya riƙa buɗewa yana leƙe, kowace buɗewa zafin da ya taru ne ke tafiya, girkin ya ƙara ja.

Sai kabeji, wanda a kansa ne alkawarin "zuba ki tafi" ya gaza. Kabejin da nake saye a kasuwar Mile 12, wanda motoci ke saukewa daga Jos, mai nauyi ne, ganyensa a matse, in kin yanka kina jin ƙaras-ƙaras. Irin wannan in ya kwashe awa 8 a cikin miya narkewa yake yi, launinsa ya dushe, ya saki ruwa ya tsinka miyar, ga wani wari mai hawa kai da ke cika ɗaki. Abin da nake yi shi ne in yanka shi manyan yanka, faɗin yatsu biyu, in ajiye a firji. Da na shigo gida, kafin ma in cire mayafi, in zuba shi in danna cikin romon, in murza zuwa babban zafi. Kafin in yi wanka in yi sallah in duba aikin makarantar yara, minti 40 sun yi, kabejin ya yi laushi amma da sauran ƙarfinsa, ya sha romo ya fito da ɗan zaƙinsa. Ke nan ba da kin dawo za ki zuba a faranti ba, akwai sauran jira, amma jira ne da ba a tsaye kike yinsa ba.

Mukan ci da farar shinkafa, wani lokaci da burodin Agege mai laushi a riƙa dangwala. Surukata, wadda haƙoranta suka yi rauni har ta daina taɓa nama sai dai romo, ranar da ta zo ta cinye yanka uku, ta ce, "Maman Hanan, wannan naman da me kika dafa shi?" Wannan tambayar tata ta fi mini duk wani talla.

Batun cin wuta, na zauna na yi lissafi. An rubuta wat 200 a jikin tawa. A awa 8 yunit 1.6 ke nan. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin unguwannin da aka fi ba wuta, yunit ɗaya ya haura naira 200, to duk da haka girkin awa 8 bai kai naira 400 ba. Wadda ta san yadda silinda ke sauƙi in ana dafa ƙwauri ko jela za ta gane bambancin. Inbata mai matsakaicin ƙarfi ma tana ɗaukarta, ba kamar dutsen guga ko hita ba.

Amma fa a nan Legas babbar matsalarta ita ce ɗaukewar wuta, kuma ina roƙon 'yan'uwa mata kada a ɗauki wannan da wasa. A ƙa'ida 'yan Band A na samun aƙalla awa 20 a rana, 'yan Band C awa 12, 'yan Band E awa 4. Ko a layinmu da ake ganin wuta na zama, akan ɗauke. Tukunya mai maɓallin murzawa irin tawa tana ci gaba da kanta in an dawo da wuta, mai allon lambobi kuwa yawanci tsayawa take sai an sake saita ta. Da farko na ɗauki wannan a matsayin ribar tawa, amma akwai haɗari a ciki: kina iya dawowa ki tarar da ita da zafi, miya na ƙamshi, ba ki san ta yi awa huɗu a kashe da tsakar rana ba. Nama da bai gama nuna ba, in ya zauna cikin ɗumi-ɗumi, ƙasa da digiri 60, fiye da awa biyu, ƙwayoyin cuta na hayayyafa a ciki, wasu kuma sake tafasawa ba ya kashe dafinsu. Ni maƙwabciyata da ke gida kullum ce ke turo mini saƙo in an ɗauke da in an dawo. Ranar da ta ce tun hantsi babu wuta har la'asar, zubar da miyar na yi, raina na ƙuna, muka sha shayi da burodi. Saboda wannan haɗarin ne ma ba a zuba wa tukunyar daskararren nama daga firiza, sai ya saki tukuna.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Wayarta gajera ce, sai an kai ta gindin soket. Kwanon na da nauyi wajen wanki, kuma in da zafinsa kika zuba masa ruwan sanyi zai iya tsagewa, samun na canji kuwa wahala ne. Jikin gangar na yin zafi, a ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ba ta tuwo, ba ta dafa-duka mai warara, shinkafa caɓewa take a ciki. Farfesu kuwa, da ganda, da ƙafar sa, ta iya su sosai.

Wadda ke da tsayayyar wuta, ko sola, ko inbata, ko wani a gida da zai sa ido, ina ba ta shawarar ta saya, ta nemi mai lita 5 zuwa 6 in gidan ya kai mutum biyar. Wadda layinsu wuta sai an ga dama, kuma gidan ba kowa da rana, gara ta sa kuɗinta a tukunyar matsi ta kan gas, wadda ke nunar da ƙwauri cikin ƙasa da awa ɗaya. In kin je shagon, ki sa su zuba ruwa a kwanon su jona a gabanki, ki taɓa ki ji gefen ya fara ɗumi, ki ɗaga kwanon a haske ki duba ko da tsaga, sannan ki girgiza murfin ki ga ya zauna daidai a bakinsa.