Hattara da masu "gyaran enajin jiki", sun kusa raba mu da Gwaggo

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah duk mai tsoho ko tsohuwa a gida da ke fama da suga ko hawan jini ya daure ya karanta wannan, na san da tsayi amma wallahi abin da ya same mu ko maƙiyina ba na masa fatansa.

Akwai wani mutum da ya kama shago a saman bene a wata filaza nan cikin gari, yana saka farar riga irin ta likitoci, yaransa na ce masa Dokta. Ba zan kama suna ba tunda mun riga mun kai ƙara, kuma ma ba shi kaɗai ba ne, irinsu sun yi yawa yanzu, allon shago kawai ke canzawa. Abin da yake tallatawa wai gyaran enajin jiki. Wai kowane mutum akwai wani ƙarfi da ke zagaya jikinsa kamar wuta a cikin waya, in ya toshe sai ciwo ya samu ƙofa, su kuma suna buɗe shi da tafin hannu da wata sarƙa mai baƙin dutse da ake ratayawa a wuya.

Gwaggona, ƙanwar babanmu, shekararta bakwai da suga, tana shan metformin safe da yamma ga kuma ƙwayar hawan jini, kuma lafiya lau take lallaɓawa abinta. Wata ƙawarta ta islamiyya ce ta jefa ta a guruf ɗinsa na WhatsApp, kullum sai an turo muryar wata tana kuka tana cewa ta warke. Da ta matsa sai ta je na ce to ni zan raka ki in gani da idona. Kuma maganar da ya fara yi mana ita ta kashe min jiki, ya ce "Hajiya mu ba ma hana kowa zuwa asibiti, namu ƙari ne a kan na likita, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Na ce a raina a'a, wannan ai mai hankali ne. Ashe wannan maganar ita ce tarkon gaba ɗaya.

Aka zaunar da ita gaban wani ɗan akwati haɗe da laftof, aka ba ta wani ƙarfe mai kaurin tocila ta riƙe. Kafin nan yaron ya tambaye ta shekaru da tsayi da nauyi ya shigar. Minti ɗaya bai cika ba sai ga firinta na ta aman takardu, hanta kaza, ƙoda kaza, jini ya yi kauri, ƙashi ya fara zagwanyewa, ba a ɗebi jini ba ba a karɓi fitsari ba. Gwaji naira 10,000, kowane zama 15,000, sarƙa 85,000, kuma wai sai an haɗa duka ukun suke aiki.

Shi zaman kuma, ɗaki ne mai sanyin AC da ƙamshin turare, ta kwanta wata ma'aikaciyarsu ta riƙa shawagi da hannu a saman jikinta kamar rabin awa. Da bisimilla suke farawa, shi ya sa iyayenmu mata ke ɗauka wani nau'in ruƙiyya ne, alhali ko aya ɗaya ba a karantawa. Gwaggo ta ce ta ji daɗi har barci ya ɗauke ta, kuma ni ban ƙaryata ta ba. Matar da ke yini da hayaniyar jikoki ga zafi ga rashin wuta, ka kwantar da ita a sanyi ana tambayarta ina ke ciwo da tattausar murya, ai dole ta tashi da sauƙi. Da a nan abin ya tsaya da kuɗi kawai muka yi asara, da ban ma yi wannan rubutun ba.

A sati na uku Doktan ya fara turo mata saƙon murya ita kaɗai. Wai kemikal ɗin da ke cikin ƙwayoyin asibiti shi ke toshe hanyar enajin, ta rage zuwa rabi. Bayan kwana biyu wai ta ajiye gaba ɗaya na kwana 21 jiki ya wanke kansa, kuma ta daina huda yatsa tana gwada suga don wai enaji na zuba ta nan. Da ta ce masa ƙishirwa ta dame ta, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa cikin dare ga kasala, sai ya ce alhamdulillahi Hajiya, dafin ne ke fita. Waɗannan fa su ne ainihin alamun suga ya hau, duk mai ciwon ya sani. Kuma ya ja mata kunne kada ta faɗa wa 'yan boko na gida don za su karya mata gwiwa. Ni ne ɗan bokon.

Ranar da abin ya fashe da asuba ne, autarta ta kira ni wai Gwaggo na magana ba kan gado. Na same ta leɓe a bushe, ga wani ɗan miki a babban yatsan ƙafa da ta ɗaure da tsumma ya fara wari. Na lalubo mitar sugar a ƙasan akwati na gwada, maimakon lamba sai ta rubuta HI, wato ya wuce iyakar abin da mitar ke iya karantawa. Kwana tara muka yi a asibiti, ƙarin ruwa da allurar insulin da wankin miki kullum. Allah ya rufa asiri ba a yanke yatsan ba. Da ta dawo hayyacinta abin da ta fara ce min shi ne "ɗan nan, kar ka faɗa wa babanku", kunya ce ta ishe ta, kuma da wannan kunyar ta tsofaffi mutanen nan ke cin kasuwarsu.

Ƙanena shi bai haƙura ba, ya koma shagon kamar sabon kwastoma ya biya kuɗin gwaji. Yaron na can yana danne-dannen waya, shi kuma ya naɗe ƙarfen a jiƙaƙƙen hankici ya ɗora a kan kujera, ko taɓawa bai yi ba. Sakamako ya fito tsaf. Hankicin yana da raunin ƙoda da ƙarancin bitamin, kuma yana buƙatar sarƙa.

A bangon ofishinsa akwai satifiket da aka rubuta Reiki, sai na je na bi diddigi. Abu ne da wani ɗan Japan mai suna Mikao Usui ya fara koyarwa a 1922, daga baya wata mata Hawayo Takata ta kai shi Hawai, daga nan ya bazu a Amurka. Kuma gaskiya ne akwai asibitoci a Amurka da Ingila da ke barin a yi wa masu ciwon daji don hankalinsu ya kwanta, amma maganinsu na asibiti na tafiya yadda yake, babu mai taɓa shi. Shi kuma enajin da ake faɗa babu na'urar da ta taɓa auna shi. Wata yarinya ma 'yar shekara 9 a Amurka, Emily Rosa, ta gwada masu wani salo mai kama da wannan. Ta kafa kwali a tsakani suka zuro hannuwa biyu ta rami, ita kuma ta riƙa ɗora hannunta a saman ɗaya ba tare da ta taɓa ba, su faɗi wanne ne. Mutum 21, gwaji 280, suka dace kashi 44 cikin ɗari, wanda ko canki-canka ka yi ai za ka samu kusan rabi. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga aikin a 1998.

Sarƙar ma ba abin wasa ba ce. A Disamban 2021 hukumar kula da nukiliya ta ƙasar Holan ta fitar da gargaɗi kan wasu kaya guda 10 irin waɗannan, sarƙoƙi da awarwaro da ake tallatawa da sunan lafiya, ta ce suna fitar da tururin radiyeshon mai cutarwa, mutane su daina sakawa. Ranar da na karanta na cire ta Gwaggo na jefa a gwangwani na kai sito.

Da na je neman kuɗinmu ko gezau bai yi ba. Ya jawo wata takarda da Turanci da Gwaggo ta sa wa hannu ranar farko, ni ina zaune a wurin ban karanta ba, a ciki an rubuta wannan ba madadin maganin likita ba ne. Kun ga dabarar ko? A takarda ƙari ne kan na asibiti, a saƙon murya kuma ajiye maganinki. Saƙonnin duk ya goge su daga ɓangarorin biyu, Allah ya taimake mu akwai ɗaya da ta tura wa ƙawarta tun kafin ya goge. Kafin in sauko daga benen ya cire ni daga guruf ya yi bulokin ɗina. Wannan muryar da rasit ɗin transfa da sakamakon hankici su muka haɗa muka kai wa NAFDAC da hukumar kare masu sayayya ta FCCPC. Duk wanda ya ce muku shi likita ne ku nemi lambar rajistarsa ta hukumar rajistar likitoci ta MDCN, namu da na tambaye shi cewa ya yi ilminsa ya fi ƙarfin na Najeriya.

Yau da daddare ku shiga ɗakin iyayenku ku ɗauko ledar magani ku ƙirga ƙwayoyin da kanku, kar ku tsaya a "ina sha". Mu da mun ƙirga da tun satin farko da ta ajiye maganin mun gano, katin metformin ɗinta a cike muka same shi.

Ita ƙawar tata da ta kai ta, daga baya muka ji ana ba ta wani kaso a kan duk wanda ta kawo. Na tafi gidanta da fushina, sai na tarar ita ma mai sugar ce, ita ma ta ajiye maganinta, sarƙar na nan a wuyanta tana ce min "yaro ba za ka gane ba." Na yi magana da babban ɗanta, gobe da safe kafin ta karya za mu koma da mita.